Saran da ke Raya Daji: Bagaruwar Shuɗin Nilu da Halittun da ke Fakewa a Cikinta

A ƙarshen watan Satumba, idan Shuɗin Nilu ya fara janyewa bayan cikar damina, ruwa kan maƙale a kwarurrukan da ke bayan gaɓa, waɗanda mutanen Sudan ke kira maya. Daga Rusairis a gangaro Sinja, a wuce Mai Wurno da Sinnar har Wad Madani, duk inda kogin ya yi gwiwa ya bar tsohuwar hanyarsa akwai irin wannan kwari. A ciki ne bagaruwa ke tsaye, wadda a can ake ce wa sunut, ruwa ya shanye gindinta wata biyu ko uku ko a jikinta. Itatuwa kaɗan ne ke jure wannan jiƙo, shi ya sa dajin maya kusan bagaruwa ce zalla.

Baƙon da ya hango dajin daga kan hanya zai ɗauka tsiron Allah ne. Akasarinsa kuwa shuka ce. Gandun gwamnati ne da aka shata, aka yanka shi kashi-kashi, kowane kashi da shekarar da aka watsa masa iri da shekarar da gatari zai shiga. Turawan mulkin mallaka sun kafa sashen kula da daji a 1902, kuma ba don tsuntsu ko gada suka kafa shi ba: jiragen ruwa masu tururi da ke zirga-zirga a Nilu itace suke ci, ci kuwa ba na wasa ba. Daga baya buƙata ta koma kan katakon da ake shimfiɗa layin dogo a kai, domin bagaruwa tana da tauri, gara ba ta cinta da sauƙi. Dokokin daji na 1932 suka buɗe ƙofar keɓe gandaye da yawa, aka kafa injinan yankan katako a wurare irin su Suki. Tun 1989 Hukumar Gandun Daji ta Ƙasa ce ke riƙe da ragamar.

A daidai shekarun da ake shata gandayen ne Hausawa da Fulani ke kafa garuruwansu a wannan gaɓa. Bayan yaƙin Burmi a 1903, Muhammadu Bello Mai Wurno, ɗan Sarkin Musulmi Attahiru na ɗaya, ya yi gabas da jama'arsa har suka yada zango kudu da Sinnar, a garin da yanzu ke ɗauke da sunansa. Maniyyata da masu neman aiki suka yi ta biyo baya, musamman da aka gama madatsar Sinnar a 1925 aka buɗe gonakin audugar Jazira. Jikokinsu ne yau ke noman albasa da tumatir a jarf, wato gangaren gaɓa da ambaliya ke bari da laka, su ne da yawa cikin masuntan kogin, kuma matansu ne ke shiga dajin da safe neman ƙirare. Duk abin da za a yanke game da waɗannan gandaye, a bakin ƙofarsu zai sauka.

Tsarin aikin ba shi da wuyar fahimta. Ƙwayar bagaruwa tana da ɓawo mai tauri, sai an sassauta shi da asid ko ruwan zafi take tsira da wuri; wadda ta bi ta cikin akuya ma takan tsira da kyau. Idan ruwan maya ya fara sauka, sai a watsa iri a kan ɗanyar laka. Ba ban-ruwa, ba taki. Saiwa ce ke bin danshi tana nutsawa ƙasa, tsiro kuma ya fito rututu, dubbai a ɗan fili guda. Bayan 'yan shekaru a shiga a rage su, kamar yadda manomi ke rage gero a noman fari, a sake ragewa lokaci bayan lokaci. Wanda ake so don katako yakan kai kimanin shekara 30 kafin a sare kashin gaba ɗaya, wanda ake so don makamashi da azara kuwa kimanin 20. Sannan a sake watsa iri, a koma farko.

Abin da masu tsara wannan aiki ba su sa a lissafi ba shi ne cewa, da wannan juyi na sara da shuka, suna ƙera wa namun daji gidaje iri-iri ne a wuri ɗaya.

A shiga kashin da ya shekara uku ko huɗu, in ma an iya shiga. Itatuwan sun ɗara mutum tsawo kaɗan, rassansu sun sarƙe tun daga ƙasa, farar ƙaya mai tsawon yatsa ta tare ko'ina. Rana tana kaiwa ƙasa ta tsakanin rassa, saboda haka akwai ciyawa da yaɗo, akwai fara da tsutsa da ƙwayar ciyawa. Kurciya na saƙa 'yar sheƙarta a inda shaho ba ya iya kutsawa. Fakara da zabin daji na kiwo a bakin sarƙaƙiyar, da jin motsi su afka ciki. Zomo na nan, bushiya na nan, guza na jan jiki a gefen ruwan da ya rage, inda kuma mafarauta suka yi sauƙi gada takan samu maɓoya. A watan Oktoba ƙananan tsuntsaye masu cin ƙwari, waɗanda suka tsallako Bahar Rum da Sahara daga Turai da yammacin Asiya suna bin Nilu, sukan sauka cikin irin wannan ƙaya su mayar da kitsen da tafiya ta cinye.

Kashin da ya shekara 25 wata duniya ce daban. Gangar jikin itatuwa baƙa, miƙaƙƙiya, sama a rufe, ƙasa kuma tas, sai busasshiyar laka mai tsage-tsage da sawun dabbobi. Mutum na iya hango abokinsa daga nesa. Fakara ba ta da abin yi a nan. Amma a nan ne balbela da zalɓe ke taruwa su yi sheƙa da damina, a nan birai ke kwana, a kogon tsohon itace mujiya da cilakowa ke ƙyanƙyasa, zuma kuma ke zama. Tsohon daji yana da nasa mazauna, sabon daji yana da nasa, kuma ɗaya ba ya maye gurbin ɗaya.

Ƙasashen da suka fara ɗaukar wannan batu da muhimmanci sun koye shi ne bayan sun yi asara. A jihar Mishigan ta Amurka akwai wani ɗan tsuntsu mai rawayan ƙirji da aka sa wa sunan Kirtland, wanda ba ya sheƙa sai a ƙasa, a ƙarƙashin wani nau'in itacen fayin mai shekara 5 zuwa 20. A da gobarar daji ce ke share tsohon daji ta ba sabo hanya. Da aka ƙware wajen kashe gobara, daji ya tsufa, tsuntsun ya rasa gida, har ƙidayar 1974 da ta 1987 suka nuna maza 167 kacal ke kuka a dajin. Hukumomi suka shiga sare manyan filaye a gandayen gwamnati suna sake shukawa bi da bi, tare da kama wani tsuntsu da ke zuba ƙwansa a sheƙarsa. A 2019 aka cire shi daga jerin halittun da ke dab da ƙarewa, adadinsa ya haura ma'aurata 2,000. A Ingila ma an ga yadda wasu tsuntsaye da malam-buɗe-littafi suka ragu bayan an daina tsohuwar al'adar sare itace a gindi a bar shi ya tofo, sai aka dawo da ita a wasu dazuzzuka don su kaɗai.

Wannan darasi gaskiya ne, amma duk wanda zai kwaso shi ya kawo Shuɗin Nilu ba tare da tacewa ba zai yi ɓarna. Matsalar Amurka ita ce daji ya yi yawa ya tsufa, babu mai sara. Matsalar Sudan akasin haka ce. Tun da Sudan ta Kudu ta ɓalle a 2011 ta tafi da mafi yawan dazuzzuka, abin da ya rage wa Sudan bai wuce kusan kashi 10 cikin 100 na faɗin ƙasar ba, kuma mafi yawan gidaje da itace da gawayi suke girki. Masu gasa jan bulo a gaɓar kogi na neman bagaruwa, masu gidajen burodi na nema, masu ƙera jiragen ruwa na nema. A irin wannan ƙasa ba sai an roƙi kowa ya sari itace ba. Idan aka ce wa ɗan kwangila sara na amfanar namun daji, ai an ba shi hujja ce kawai a kan abin da dama yake yi. Abin da ya yi ƙaranci ba sara ba ne. Tsiron da ke biyo bayan sara shi ne ya yi ƙaranci. Kashin da aka sare aka watsa wa iri aka tsare shi shekara uku ya zama gidan fakara. Wanda aka sare aka bar wa awaki ya zama fage.

Awakin kuwa ba laifinsu ba ne, ba kuma laifin masu su ba. Daga shekarun 1960, musamman bayan kafa hukumar noman inji a 1968, tarakta ta share dajin dushe da ɗakwara a filayen laka na Dali da Mazmum da Agadi don noman dawa da riɗi. Burtalai suka tsuke, makiyaya suka rasa mashaya da wuraren kiwo, bayan 2011 kuma waɗanda ke ƙetarawa Kudu da rani suka sami kan iyaka a gabansu. Gandun bakin kogi ya zama wuri na ƙarshe da ke da inuwa da ruwa da 'ya'yan bagaruwa a watan Afrilu. Doka ta tanadi a bar kashi 10 cikin 100 na gonar damina da kashi 5 cikin 100 na gonar ban-ruwa ga itatuwa, amma wanda ya ratsa waɗannan filaye ya san an fi ganin wannan tanadi a takarda.

Gandun namun daji na Dindir, da aka kafa a 1935 mai faɗin kusan murabba'in kilomita 10,000, shi ne babban shaida. A cikinsa ba a ba da izinin sara, amma hakan bai hana raƙumin dawa ɓacewa ba, domin dajin da manyan namun ke fita su yi damina a ciki ya koma gona. Mayoyin da ɓauna da gwambaza da kwanta-rafi ke dogaro da su da rani, da yawansu laka ta cike su. Katange daji a ce kada a taɓa bai isa ba idan abin da ke kewaye da shi ya mutu.

Laka ita ce kuma ciwon gandayen bagaruwa. Shekara da shekaru kogin na sauko da ƙasar tsaunukan Habasha yana jibgewa a mayoyi, gindinsu na tashi, ruwan da ke kwana wata uku ya koma kwana kaɗan. Bagaruwar da ba ta sha ta ƙoshi ba takan yi rauni, sai wani ƙwaro da tsutsarsa ke ci a ƙarƙashin ɓawo ya same ta, ta fara bushewa daga kai. Ma'aikatan daji sun san wannan cuta tun zamanin Turawa. Yanzu ga sabon al'amari. An ƙara wa madatsar Rusairis tsawon mita 10 a 2013, Habasha kuma ta fara tara ruwa a madatsar Nahda a 2020, ta ƙaddamar da ita a Satumban 2025, madatsar da ke iya riƙe ruwa mai yawan cubic mita biliyan 74 dab da kan iyaka. Aikin irin wannan madatsa shi ne ta danne cikar damina ta riƙa sakin ruwa daidai-wa-daida duk shekara. Mai injin ban-ruwa zai ji daɗin haka. Amma maya da cika take rayuwa. Idan kogi bai tumbatsa ya haura gaɓa ba, ba laka mai danshi da za a watsa wa iri, ba kuma ruwa mara zurfi da tarwaɗa da karfasa ke shiga su zuba ƙwai a tsakanin saiwoyi. Masuncin Mai Wurno da ma'aikacin gandu buƙatarsu ɗaya ce a nan, ko sun zauna sun tattauna ko ba su zauna ba.

Sai kuma yaƙi. Tun 15 ga Afrilun 2023 ƙasar ke cikin wuta. Dakarun RSF masu faɗa da sojojin gwamnati sun kama Wad Madani a Disamban 2023, suka kama Sinja a ƙarshen Yunin 2024, kafin sojoji su karɓe Sinja a Nuwamban 2024 da Madani a Janairun 2025. Iskar gas ta girki ta yi wuya, masu gadi suka watse, mutanen da suka rasa komai suka koma ga gatari da buhun gawayi. Ko dajin Sunut na Kartum, wanda aka keɓe a 1932 aka mai da shi mafakar tsuntsaye a 1939, ya sha sara mai tsanani. Ba wanda zai ga laifin uwar da ta sari reshe don ta dafa wa 'ya'yanta abinci. Amma sakamakon shi ne, a gandaye da dama, lissafin shekaru da aka gina tsarin a kansa ya rushe, kuma duk abin da za a sake tayarwa sabon daji ne, ana so ko ba a so.

A nan ne damar take. Idan za a sake shuka, to a shuka da tsuntsu da zomo da kifi a cikin lissafi. Maimakon a share babban kashi a shekara guda, a yanka shi ƙanana a warwatse, yadda kowane lokaci za a sami sarƙaƙiya kusa da matashin daji kusa da tsoho, dabbar da gidanta ya girme ta ta matsa gaba kaɗan ta sami wani. A kowane kashi da aka sare a bar wasu tsofaffin itatuwa tsaye, musamman masu kogo da waɗanda balbela ke sheƙa a kai, ko da ɗan kwangila zai yi ƙorafi. Kada a yi sara a lokacin ƙyanƙyasa. Abin da aka fi mantawa kuma shi ne karab, tudun da ke bayan maya wanda ruwa ba ya kaiwa. Zabuwa da fakara da damina suke ƙwai, a ƙasa, daidai lokacin da maya ke cike da ruwa. In ba a bar musu kurna da aduwa da dushe da doguwar ciyawa a tudu ba, sarƙaƙiyar kwari ba za ta amfane su ba. A wannan tudu ba ma sai an sayi iri ba: kututturen da aka sare yakan tofo in an ƙyale shi.

Ba kowane kore ne alheri ba. Miskit, da aka shigo da shi Sudan a 1917, yana yin sarƙaƙiya cikin sauri, amma yana danne ciyawa da itatuwan gida ya toshe magudanai, har gwamnati ta ba da umarnin kawar da shi a 1995. Gonakin itacen turare da ake ba ruwa a Jazira suna ba da azara mai kyau, sai dai ƙarƙashinsu ba abin da zai riƙe zomo. Manomin dawa ma yana da ƙorafi na gaskiya: jan-baki, wanda ke sauka dubu-dubu a kan zangarniya, a cikin ƙaya mai duhu kusa da ruwa yake kwana ya yi sheƙa. Duk shirin da ya yi kamar bai ji wannan kuka ba, manoma za su cinna masa wuta. Dole a zaɓi inda za a bar sarƙaƙiya tare da masu gona, a kuma haɗa da masu yaƙi da ƙwarin amfanin gona.

Sauran tambaya ita ce wa zai tsare tsiron a shekaru ukun farko. Mai gadi ɗaya da sanda ba zai iya ba. Hukumar daji ta daɗe tana da tsarin da ake kira tongiya, wanda ya samo asali daga ƙasar Bama: a ba manomi fili cikin gandu ya yi noma a tsakanin ƙananan itatuwa, ya ci amfanin, ya kare su daga dabbobi har su fi ƙarfin baki, sannan a matsar da shi wani kashi. An yi shi a gandun Rawashda na Gadarif da wasu wurare. Manoman jarf sun fi kowa dacewa da wannan aiki, don gonakinsu na manne da gandun. Makiyayi ma zai yarda ya kauce wa kashi guda in an tabbatar masa da kiwo da 'ya'yan bagaruwa a tsohon kashi, da hanyar zuwa ruwa. 'Yan'uwan manoman jarf da ke Maraɗi sun riga sun nuna abin da ke yiwuwa: daga shekarun 1980, da sassaben zamani kawai, wato barin tofon kututture da gyara shi, manoman kudancin Nijar suka tayar da itatuwa kimanin miliyan 200 a hekta miliyan 5. Abin da ya sa ya ɗore shi ne manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne.

Wannan tabbaci shi ne ya fi rauni a Shuɗin Nilu. Rikicin watan Yuli da Oktoban 2022 a Rusairis da Wad al-Mahi, tsakanin Hausawa da wasu maƙwabtansu, ya ci ɗaruruwan rayuka ya raba dubbai da gidajensu, kuma ƙasa da ikon da ke kanta ne tushensa. Mutumin da bai san ko baɗi zai noma inda ya noma bana ba, ba zai ɓata shekara uku yana korar awaki daga tsiron gwamnati ba. Gandun daji ba zai warware wannan gaba ba, amma yana da wata fa'ida: fili ne na hukuma, ba na wata ƙabila ba, saboda haka yarjejeniyar tongiya a rubuce, mai wa'adi da rabo bayyananne, za a iya ƙulla ta da duk ƙauyen da ke maƙwabtaka da shi, kowane harshe yake ji.

Kira na farko yana kan Hukumar Gandun Daji da gwamnatocin jihohin Jazira da Sinnar da Shuɗin Nilu: kafin a ba da kwangilar sare abin da ya tsira daga yaƙi, a fara ƙidaya shi, a keɓe tsofaffin itatuwa, a yashe mashigan mayoyin da suka toshe, a kuma sa buƙatar maya cikin lissafin sakin ruwa daga Rusairis. Na biyu yana kan sarakuna da limamai da kwamitocin ƙauyukan Hausawa na gaɓa: kada su jira a zo a same su. Su tara irin bagaruwa da rani, su je ofishin daji da sunayen manoman da ke shirye su karɓi kashi, su nemi a rubuta yarjejeniyar kafin ruwan Satumba ya janye.